ARAHA BA TA ADO: NAWA NE KUƊIN ƘERA SHAFIN INTANET A ITAS DA AZARE?

Gabatarwa

Maganar da nake tafe da ita a wannan fitowa magana ce ta kuɗi, kuma na san Bahaushe yana jin nauyin maganar kuɗi, musamman idan shi ne zai faɗi abin da za a ba shi. Sai dai wannan nauyin baki bai shafi kowa ba. Ka tambayi mai tumatir a kasuwar Azare nawa ne kwando, kafin ka rufe baki ya yanka maka kuɗi, in ka taya bai yi masa ba ya ce albarka. Ka tambayi tela nawa ne ɗinkin babbar riga, zai dubi yadin, ya tambaye ka irin aikin da kake so a wuya, sannan ya faɗa maka ba tare da inda-inda ba. Amma ka tambayi matashin da ya koyi ƙera shafin intanet nawa zai yi wa makarantarka shafi, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, can ya ce, "Ranka ya daɗe, ko nawa ka bayar Allah ya amfana."

A nawa ra'ayin, wannan jumla mai daɗin ji ita ce take neman kashe sana'ar tun tana jaririya a ƙasar Katagum. Abin da nake son in tabbatar a wannan ɗan rubutu shi ne, farashin aikin shafin intanet lissafi ne da ake yi da biro da takarda, kuma duk wanda ya ƙi yin lissafin ya cuci kansa, ya cuci abokan sana'arsa, sannan daga ƙarshe ya cuci shi kansa wanda ya ba shi aikin.

Sana'ar ta iso gida

A da, duk wanda yake son shafin intanet a wannan yanki sai ya nemi wani a Kano ko Bauchi ko Abuja. Yanzu abin ya sauya. Tun da aka kafa jami'ar jihar Bauchi a Gadau a shekarar 2010, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Sa'adu Zungur, ƙaramar hukumar Itas/Gadau ta zama matattarar ɗalibai daga ko'ina. A Azare kuma ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Daɗin daɗawa, a shekarar 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koya wa matasa miliyan uku sana'o'in kwamfuta. Wasu kuma ba su jira kowa ba, da wayarsu da YouTube suka koya. Saboda haka masu iya aikin sun samu.

Masu buƙatar aikin ma akwai su. Akwai makarantu masu zaman kansu da suke son iyaye su ga sakamakon 'ya'yansu ta waya. Akwai ƙananan asibitoci da otal-otal. Akwai ƙungiyoyin sa-kai da na manoma waɗanda idan suka nemi tallafi, abu na farko da masu bayarwa suke dubawa shi ne ko suna da shafi. Akwai kuma 'yan siyasa, waɗanda suke tunawa da intanet duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. To, ga mai sayarwa ga mai saye, me ya hana ciniki ya yi albarka?

Me ya sa muke karya farashi?

Dalili na farko shi ne aikin ba ya ganuwa. Magini yana cikin rana yana zufa, kowa ya ga jerin bulo yana tashi. Mai ƙera shafi kuwa yana zaune a ɗaki, ga fanka in an kawo wuta, sai mai aiki ya ce, "Ai danna-danna ne kawai." Ba ya ganin watannin da aka kwashe ana koyo, ba ya ganin daren da aka raba ana neman inda kuskure ɗaya ya ɓuya.

Na biyu shi ne labarin kyauta. Mutane sun ji cewa manhajar WordPress, wadda aka fara fitarwa a 2003 kuma ake gina ɗimbin shafukan duniya da ita, kyauta ce. Gaskiya ne kyauta ce. Amma ai ƙasar da ake yin tubali da ita ma kyauta ce a bakin kududdufi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce magini ya gina masa ɗaki a banza saboda haka ba.

Na uku shi ne zumunci da kunya. A gari kamar Itas kowa ya san kowa. Mai makarantar abokin babanka ne, ko malaminka ne na firamare, ko surukin yayanka. Idan ya ce, "Ɗana, ga wani ɗan aiki," bakinka ya mutu ke nan. Na huɗu kuma shi ne tsoro: in na faɗi kuɗi da yawa zai tafi wurin wane, wanda zai yi masa a rabin haka. Shi ma wanen tsoron da yake ji ke nan. Haka za a yi ta rige-rigen sauka har a kai inda aikin mako biyu ba ya sayen man babur na mako guda.

Kayan aiki daban, ladan aiki daban

Mataki na farko na gyara shi ne mu koyi abin da tela da magini suka daɗe da sani. Tela ba ya haɗa kuɗin shadda da kuɗin ɗinki. Magini ba ya haɗa kuɗin siminti da ladansa. Shafin intanet ma yana da kayan aikinsa guda biyu da ba mai ƙerawa ne ya mallake su ba.

Na farko shi ne adireshin shafin, wato sunan da mutum zai rubuta ya same ka, irin mai ƙarewa da .com ko .com.ng. Wannan suna ba a sayensa a mallake shi har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara. Na biyu shi ne masauki, wato wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, inda ake ajiye hotuna da rubutun shafin. Shi ma haya ne. Ranar da kuɗin haya ya ƙare, shafin ya ɓace kamar an kulle shago.

A nan ne dala take shigowa. Kamfanin Verisign na Amurka, wanda yake riƙe da rajistar .com, ya mayar da farashin sari na kowane suna dala 10.26 a shekara daga watan Satumba na 2024, kuma dillalan da muke saya a hannunsu suna ɗora ribarsu a kai. Kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ka buga lissafin da kanka: abin da bai kai naira 5,000 ba a tsohon canji ya zarce naira 15,000. Duk matashin da ya yi wa mai makaranta alƙawarin cewa "kuɗin da ka bayar ya haɗa da komai" a 2022, ya san abin da ya gani da lokacin sabuntawa ya zo. Ko dai ya ciro daga aljihunsa, ko ya kashe waya, shafin ya mutu, mai makaranta ya ce an damfare shi.

Shi ya sa nake ganin wajibi ne a rubuta wa mai aiki waɗannan kuɗaɗe biyu a layi daban, a kuma gaya masa tun ranar farko cewa kowace shekara za su dawo, kuma suna iya tashi. Haka nan yana da kyau a nuna masa zaɓin sunan gida, wato .ng da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA take kula da shi a nan Nijeriya kuma da naira ake biya. Makarantar da duk ɗalibanta 'yan Itas ne da ƙauyukan kewaye ba ta da wani dalilin ɗaura wuyanta da dala.

Lissafin gumi

Bayan an ware kayan aiki, sai a zo ga lada. Bari mu ɗauki ma'auni mafi ƙanƙanta da kowa ya sani. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Idan ma'aikaci yana aikin awa 8 a rana, kwana 22 a wata, ya yi awa 176. Ka raba, za ka samu kusan naira 400 a kowace awa. Wannan fa shi ne ladan ma'aikacin da yake matakin ƙarshe, wanda ba a nemi ya iya kwamfuta ba.

Yanzu mu ƙaddara, a matsayin misali, shafin makaranta mai ɓangare biyar zai ci awa 40, tun daga zaman farko da mai makaranta, da ɗaukar hotuna, da gyara rubutu, da ƙerawa, da gwaji a wayoyi iri-iri, har zuwa koya wa sakatare yadda zai sa sanarwa. A ma'aunin da muka ɗauka, naira 16,000 ke nan. Amma mai zaman kansa ba kamar ma'aikacin ofis ba ne da albashinsa yake zuwa ko da aiki ko babu. Rabin lokacinsa yana tafiya ne a neman aiki, da jiran Alhaji ya fito daga cikin gida, da bin bashi, da koyon sabon abu. Idan rabin awanninsa ne kawai ake biya, dole kuɗin awa ya ninka, aikin ya koma naira 32,000.

Ba mu gama ba. Kwamfutar da yake aiki da ita tsufa take yi. Mu ce ya saye ta naira 300,000 kuma za ta yi masa shekara uku. Duk shekara tana cin naira 100,000. Idan yana samun aiki goma a shekara, kowane aiki yana ɗauke da naira 10,000 na kwamfuta. Ga data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Ga wuta, wadda duk mazaunin wannan yanki ya san halinta. Ko dai ka kai caji, ko ka tayar da janareta da man da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ko ka tara kuɗin sola. Ga kuɗin mota daga Itas zuwa Azare sau uku ko huɗu domin karɓar hotunan da aka ce za a turo ba a turo ba. Idan ka tara waɗannan duka, za ka ga shafin da ake yi a naira 15,000 "har da komai" sadaka ce mai ƙerawa ya yi, sadakar da bai ma yi niyya ba balle ya sa ran lada.

Ban kawo waɗannan alƙaluma domin in ce ga farashin da kowa zai bi ba. Kowa ya sa nasa: kuɗin tasa kwamfutar, yawan nasa awannin, gwargwadon tasa ƙwarewar. Abin da nake cewa shi ne akwai wani layi da idan ka sauka ƙasa da shi, kai ne kake biyan mai aiki. Ka san wannan layin kafin ka shiga zauren kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jinga ba ta yiwuwa sai an ga gona

Duk wanda ya taɓa yin ƙwadago a gona ya san ba a yanka jinga sai an zagaya an ga iyaka. Daga wannan bishiyar zuwa waccan gamba, nawa? Idan an gama aka ce a ƙara da gonar bayan rafi, sabon ciniki ne. Abin mamaki, mu da muke taƙama da boko mun manta da wannan. Ana yin magana a kan shafi mai ɓangare biyar, bayan mako guda sai a ce a sa wurin duba sakamako. Bayan an sa, sai a ce iyaye su riƙa biyan kuɗin makaranta ta ciki. Sai kuma a ce launin bai yi wa Hajiya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne mai zaman kansa. Wurin duba sakamako yana buƙatar rumbun bayanai da kalmar sirri ga kowane ɗalibi. Biyan kuɗi yana buƙatar a haɗa shafin da kamfani irin su Paystack ko Flutterwave, waɗanda su ma suna cire la'adarsu a kowane biya, kuma kuskure kaɗan a nan kuɗin mutane ne zai salwanta.

Maganin wannan takarda ce guda ɗaya, kuma babu laifi a rubuta ta da Hausa. A rubuta ɓangarori nawa ne. A rubuta wa zai kawo hotuna da rubutu, kuma zuwa yaushe. A rubuta sau nawa za a yi gyara kyauta, misali sau biyu, abin da ya biyo baya da kuɗinsa. A rubuta ranar gamawa. A rubuta kuɗin kulawa na shekara, domin shafi kamar babur ne, yana son juye da ɗaure-ɗaure, in ba haka ba ɓarayin intanet su shige shi. Sannan a karɓi kafin alƙalami, rabi ko abin da ya yi kusa da haka, kafin a taɓa kwamfuta. Tela yana karɓa, kafinta yana karɓa, babu wanda ya ce sun yi rashin kunya.

Idan wani ya ce takarda tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce, sai mu tuna masa cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san cewa a wajen ɗaukar mutum aiki ana son lada ya zama sananne, aikin ma ya zama sananne. "Ko nawa ka bayar" ba sanannen lada ba ne. Ciniki na gaskiya ba ya ɓata zumunci. Abin da yake ɓata shi shi ne kowa ya tashi da abin da ya ƙudurta a ransa daban, a zo biya a yi baram-baram.

Amana ma tana cikin farashi

Kada a ɗauka duk laifin na masu ba da aiki ne. Akwai wata muguwar ɗabi'a da araha ta haifar a tsakanin masu ƙera shafuka. Mutum zai karɓi aiki a kuɗi kaɗan, ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, ya riƙe kalmar sirri. Shekara na zagayowa sai ya tsuga kuɗi, ya san mai makaranta ya riga ya buga adireshin a allon bakin titi da takardun makaranta, ba shi da yadda zai yi. Wannan garkuwa ce da dukiyar mutane, ko da wane suna aka kira ta. Wani kuma zai sauko da zubin shafi na sata wanda ya kamata a saya, alhali irin waɗannan sukan zo da ƙofar baya da ɓarayi suke shigowa ta ciki. Wani zai gama karatu ya tafi hidimar ƙasa da mabuɗan shafuka biyar a wayarsa, ya sauya layi, shi ke nan.

Wanda ya karɓi cikakken haƙƙinsa ba ya buƙatar waɗannan dabaru. Adireshin shafi na wanda ya biya ne, da sunansa za a yi rajista, a kuma damƙa masa mabuɗansa a rubuce ranar da ya cika kuɗi. Wannan yana cikin abin da ake saya. Idan mai aiki ya tambaye ka me ya sa naka ya fi na wane tsada, ga amsa: naka da takarda, da mabuɗi a hannunsa, da wanda zai ɗauki waya bayan wata shida. Masu iya magana sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Masu cewa ba haka ba

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko za su ce: Itas ba Abuja ba ce, mutanenmu ba su da kuɗi, makarantar da take karɓar 'yan dubbai a zango ina za ta samu abin da kake lissafawa? Gaskiya ne. Amma idan mutum ya je wurin tela kuɗinsa bai kai na babbar riga mai aiki ba, tela ba ya yi masa babbar riga a kuɗin jamfa; jamfar yake ɗinka masa. Idan kuɗi ya gaza, a rage aiki: shafi mai fuska ɗaya da sunan makaranta, da hotuna, da lambar waya, da taswirar wurin. Idan Allah ya buɗa baɗi, a ƙara. Idan kuma kana son ka taimaki makarantar Islamiyyar unguwarku ko gidan marayu, ka rubuta cikakken kuɗin a takarda, ka rubuta a ƙasa cewa ka yafe kaza. Ta haka sun san darajar abin da ka ba su, kai ma ka san sadaka ka yi, kuma gobe ba za su gaya wa mai otal cewa haka farashin yake ba.

Na biyu za su ce: yawancin 'yan kasuwarmu Facebook da WhatsApp sun ishe su. Wannan ma gaskiya ne, kuma mai sana'a na ƙwarai shi ne zai fara faɗa. Mai sayar da turaren wuta ko atamfa da duk masu sayenta suna cikin wayarta ba ta buƙatar shafi mai cin kuɗin haya duk shekara. Ka gaya mata gaskiya, ka tsara mata WhatsApp na kasuwanci da jerin kayanta, ka sa shagonta a taswirar Google, ka karɓi ladan wannan ɗan aikin. Gara ka rasa babban aiki ɗaya da ka sayar wa mutum abin da bayan shekara zai zage ka a kansa. A ƙaramin gari sunanka shi ne jarinka.

Na uku za su ce: tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, na'ura tana iya tsara shafi cikin mintoci, to kuɗin me za a biya? Lallai na'ura ta rage wahalar wani ɓangare na aikin, kuma adalci ne wannan sauƙi ya bayyana a farashi. Sai dai na'ura ba za ta je Gadau ta ɗauki hoton ajujuwa ba. Ba za ta zauna da shugaban makaranta ta gane abin da yake nufi a bayan abin da ya faɗa ba. Ba za ta san cewa yawancin iyayen yara da ƙananan wayoyi da ƙaramar data za su buɗe shafin ba, don haka dole hotuna su zama marasa nauyi. Hausarta ma sai an bi ta da gyara. Zuwan keken ɗinki mai amfani da lantarki bai sa an daina biyan tela ba.

Na huɗu kuma su ne masu hangen waje, masu cewa a bar kasuwar gida a koma Fiverr da Upwork a ci dala. Allah ya ba da sa'a. Amma a sani cewa Fiverr, wanda aka kafa a 2010, sunansa ma daga aikin dala biyar ya samo asali, kuma yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da ka samu. A can za ka yi gogayya ne da dubban matasa daga Indiya da Pakistan da Bangladesh. Wanda bai iya faɗin kuɗinsa a gaban mai makarantar garinsu ba, ba zai iya a gaban Bature ba.

Kira

Ga 'yan'uwana masu wannan sana'a a Itas da Gadau da Azare da Jama'are da Misau, ina ganin lokaci ya yi da za ku san juna. Teloli suna da ƙungiya, masu POS suna da ita, 'yan acaɓa ma haka. Ba ina nufin ku haɗa baki ku tsauwala wa jama'a ba. Ku zauna ku fitar da samfurin takardar yarjejeniya da Hausa da Turanci wanda kowa zai iya ɗauka, ku koya wa masu tasowa lissafin da muka yi a sama, ku kuma tanadi wanda zai karɓi shafukan ɗan'uwa idan tafiya ta kama shi.

Ga iyayenmu masu makarantu da asibitoci da shaguna, don Allah idan ɗanku ya kawo muku takarda da lissafi, kada ku ce ya yi girman kai. Wasunku idan kamfani ya zo daga Kano ko Abuja da kwat da jaka, ba ku ko tayawa; ɗan gida kuwa sai a ba shi kuɗin goro. In kuka ci gaba da haka, masu hazaƙar za su tattara su koma can, ku dawo kuna biyan ninki ga wanda idan shafi ya lalace sai kun yi mako kuna kira.

Ga malamanmu kuma, darasin koyon sana'a da ake yi wa kowane ɗalibi a jami'a ya kamata ya sauko ƙasa ya koyar da yadda ake fitar da farashi da rubuta yarjejeniya. Mu ma 'yan sashen Hausa abin ya shafe mu kai tsaye. Shafukan nan suna buƙatar mai rubuta musu Hausa mai kyau da ƙa'idojinta, da mai fassara, kuma wannan ma aiki ne da ake yi wa kallon "ai Hausa ce kawai". Duk abin da na faɗa game da mai ƙera shafi ya hau kan mai fassara.

Kammalawa

A taƙaice, ya kai mai sana'a, ka ware kuɗin kayan aiki daga ladanka, ka san layin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, ka ga iyakar gona kafin ka yanka jinga, ka rubuta, ka karɓi kafin alƙalami, ka kuma mayar wa mai abu mabuɗinsa. Wanda ya ce ya yi tsada, ka rage masa aiki cikin ladabi. In bai yarda ba, ka ce albarka, kamar yadda iyayenmu suke faɗa a kasuwa ba tare da an ɓata ba. Kalma ce mai kyau, ba zagi ba ce, kuma ya kamata mu koye ta.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma ciyar da ƙasar Katagum da Nijeriya baki ɗaya gaba.